Mutumin da Yake Mutuwa Kowace Alhamis

Ina tsaye da ƙafa ɗaya a kan dutsen guga, irin babban nan da ake turawa da ƙafa, bakina cike da ruwan da zan fesa wa rigar wani malamin makaranta, sai na ga Jabir a ƙofar shago. Jabir ɗan baffan abokina Haridi ne, rake yake sayarwa a unguwar Bulaƙ. Ran nan ya zo ba amalanke, ba rake, rawaninsa a warware a kafaɗa. Na haɗiye ruwan.

"Usta Bayyumi," ya ce, "sai haƙuri. Haridi ya riga mu gidan gaskiya."

Kafin ma in yi salati, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wa ya riga wani? Shi ko mahaifiyarsa Hajja?"

"Hajja. Shi ya laƙanta mata kalmar shahada, shi ya sa ta a kabari da hannunsa ranar Laraba. Washegari bayan la'asar ya kishingiɗa a tabarmar zaman makoki. Mun ɗauka barci ne."

Na sauke ƙafata, na zauna a ƙasa cikin kayan mutane, ina kuka ina cewa alhamdu lillahi. Wata mata da ta zo karɓar zanin gadonta ta ja da baya, ta ɗauka na zautu. Jabir dai bai yi mamaki ba. Ya san abin da nake gode wa Allah a kai. Waɗanda ba su sani ba, su nake rubuta wa wannan.

Haridi Abdurradi ya zo Alƙahira yana saurayi, daga wani ƙauye kusa da Suhaj, can kudancin Masar, da kwando ɗaya a ka da tafukan hannu kamar faifai. Wurin maigida ɗaya muka koyi guga, daga baya muka buɗe namu shagon a unguwar Sayyida Zainab. Dogo ne, mai manyan kunnuwa, ba ya son yawan magana. Idan ya ɗora ƙafa a kan dutse ya bi ta kan wando, karin da zai fito sai ka ce zai yanka hannu.

Mahaifiyarsa, Hajja Nabawiyya, ita ake kira a ƙauyensu idan wani ya kama hanyar lahira. Takan zauna a kansa, ta jiƙa masa leɓe da auduga, ta juya shi alƙibla, in an gama ta rufe masa ido. Mijinta ya mutu da wuri, ba ta da wanda za ta bar wa ɗa, don haka duk inda aka kira ta da Haridi take zuwa. Tana aikinta yana raɓe a lungu, kunnuwan nan a buɗe. Kafin ya isa riƙe fartanya ya ji fitar ran mutane da yawa, kuma ko ɗaya bai manta ba. Yakan ce mini, "Bayyumi, shigowa ce iri ɗaya, kowa da kuka yake zuwa. Amma fita, kowa da tasa."

A wancan zamanin babu talabijin. Abin da muke da shi shi ne yammacin Alhamis. Ana idar da magariba gidan rediyo zai sako wasan da ake kira Sawun Mai Laifi, titinmu ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. A gahawar Mu'allim Zaki, wato wurin shan shayi na titinmu, inda akwatin rediyo ke zaune a kan kanta da ƙyallensa kamar amarya, masu karta su kife katinsu, masu shisha su daina zuƙa don kada ƙugin ruwa ya hana ji. Kullum a farko sai an kashe wani. Sannan a ji takalmin Sufeto Shaukat yana ƙara a matakala, a ji ya ƙyasta ashana, ya ce, "Kada kowa ya fita daga ɗakin nan." Daga nan gardama ta kaure. Wannan ya ce matar ce, wancan ya ce direban ne, wanda ya faɗi shi zai sayi shayi. A ƙarshe Sufeto ya kama sunan mai laifi, rabin gahawa su yi ihu, ɗaya rabin su ce ai su tun farko sun sani.

Mai shirya wasan, Ustaz Wadi', a wurinmu ake guge masa riguna. Wata rana Haridi yana ba ni labarin wani tsohon mai fito na ƙauyensu, wanda ya cika yana ciniki da wani fasinja da ba wanda ke gani. Haridi bai iya ba da irin wannan labari da baki kawai ba, sai ya koma mutumin. Muryarsa ta tsufa nan take, numfashinsa ya riƙa sarƙewa, ya ce, "To shigo, shigo, iska ta taso," sannan ya saki wani dogon numfashi ya yi shiru. Na juya, sai ga Ustaz Wadi' a ƙofa, hannunsa dafe da ƙirji.

"Wa ke mutuwa a nan?"

"Ba kowa, Ustaz. Rigunanka sun kusa."

"Rabu da riguna. Sake yi in ji."

"Haba Ustaz, mutum ai sau ɗaya yake mutuwa."

"A wurina duk mako ne."

Haka aka fara. Sharaɗi ɗaya Haridi ya kafa, kada a faɗi sunansa, don a ƙasarsu ɗan gidan mutunci ba ya zama ɗan wasa. Shekaru ya yi yana mutuwa kowace Alhamis ba suna. Yau attajiri ne an soke shi, gobe mai gadi ne an jefo shi daga bene, wani makon tsohon alƙali ne an shaƙe shi da matashi. Karatunsa bai yi nisa ba, sau ɗaya ake karanta masa maganarsa ya riƙe. Dama maganar ba ta da yawa. Sauran a maƙogwaronsa yake.

Sau ɗaya ya shigar da ni ɗakin da ake yi, ina rungume da rigunan Ustaz don mai gadi ya bar ni. Da farko raina ne ya ɓaci. Ashe Sufeto Shaukat wani gajere ne mai tumbi da sanƙo, yana ta ɓarar gyaɗa. Takalmin ma ba shi ke takawa ba, wani ne a gefe ya zura hannuwa cikin takalma yana buga su a katako. Wuƙa kuwa kankana ake daɓa wa. Na ce a raina an daɗe ana cutarmu. Sai jar fitila ta kama, aka yi wa Haridi nuni da yatsa.

Yana tsaye gaban makirfo cikin jallabiyarsa, ido a rufe, hannuwan nan masu tabon ƙuna a baya. Ba abin da ke motsi a jikinsa sai maƙogwaro. Ni da muka ci wake a kwano ɗaya da safen nan, sai ga ni ina waige-waigen inda zan samo ruwa in ba shi. Matar da ta zuba masa guba a wasan hawaye suka hana ta ganin takardarta. Mai takalma ya tsaya da hannuwansa a sama ya manta da kansa. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma ban sake gani ba. Da aka tafi kiɗa, Haridi ya buɗe ido, ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Ka kashe wutar shago kuwa?"

A gahawa Gawar Alhamis suke kiransa, ba su san mai ita ba. Wa zai nemi muryar akwati a bakin mai gugarsa? Idan ya dawo ya zauna shan shayi, sai Mu'allim Zaki ya ce, "Usta Haridi, kai dai ba ka da rabo, kullum sai an gama kake zuwa. Yau gawar nan ta yi abin da ya hana ni haɗiyar miyau."

"Allah ya ji ƙanta," in ji Haridi.

Kowace mutuwa da ya yi, arowa ya yi daga wani mutumin ƙauyensu. Ɗaya ce bai taɓa taɓawa ba, ta mahaifinsa. Sai wata Alhamis cikin tsananin zafi aka ba shi wani tsohon magatakarda, wanda a wasan wani mai kantin magani na unguwar Shubra, Nashid Afandi, ya ba shi guba, ɗansa ƙarami na cikin ɗakin. Abin da aka rubuta masa shi ne ya nemi ruwa. Da lokaci ya yi, sai ya ce, "Rufe ƙofa, akwai sanyi." Sannan ya ja numfashi mai wata 'yar siririyar shewa a ciki, ya sake ja, ya sake, bai mayar ba. Abin da ubansa ya faɗa ke nan a tsakiyar bazara, haka kuma ya ja numfashin, mutum biyu ne kawai suka ji. Daga baya ya ce mini, "Wallahi ban kira ta ba, Bayyumi. Ita ta zo."

Abin da bai sani ba, a watan nan mai garinsu ya sayi rediyo mai batir. Yakan sa a fito da shi kan dakali, maza su zauna a gaba, mata su tsaya bayan katanga. Hajja Nabawiyya na cikinsu. Ta ƙwalla ƙara ɗaya, ta nufi bakin rafi, ta ɗebo laka ta laɓta a ka, kamar yadda matan ƙasarsu ke yi idan an yi musu rashi. Mai gari da malamin makaranta suka bi ta suna cewa wasa ne, Hajja, ƙaryar 'yan birni ce, sunan mutumin ma daban.

"Da hannun nan na rufe idon iyayenku," ta ce. "Kuka ana ƙirƙirarsa, dariya ma haka. Wannan ba a ƙirƙirarsa. Muryar ɗana ce, kuma hanyar ubansa ya bi."

A kan mutuwa ba mai yi mata musu a garin. Mazan gidan suka koma suka saurari wasan har ƙarshe, suka ji Sufeto ya kama sunan mai kantin magani.

A ƙasarsu idan an kashe mutum ba a kafa rumfar makoki, ba a karɓar gaisuwa, sai an ɗau fansa. Don haka ƙanin mahaifinsa, Ammi Hammam, ya ɗauki 'ya'yansa biyu, har da Jabir, suka hau jirgin ƙasa. Ranar Asabar suka wuni suna bin kantunan magani na Shubra suna tambayar Nashid Afandi. Allah ya yi wa masu kantin maganin Shubra gyaɗar dogo, ba mai wannan suna a cikinsu. Da yamma suka biyo ta shagonmu don su kwashi kayan mamaci.

Suka tarar da mamaci da ƙafa a kan dutse, kumatunsa cike da ruwa. Sandar tsohon ta faɗi. Haridi ya ƙware, ya fesa ruwan a jikinsa.

"Ammi! Lafiya? Umma ce?"

Tsohon ya bar sandar a ƙasa. Ya matso ya kama kunnen Haridi ya murɗe, sai da ya yi ƙara.

"Da ransa," ya ce wa 'ya'yansa. Sannan ya kwaɗa masa mari. "Ɗan banza! Uwarka na can da laka a ka, mu muna yawo da ƙarfe a ƙarƙashin riga muna neman mai kantin magani, kai kana nan kana gugar wandon mutane?"

"Wane mai kantin magani, Ammi?"

"Wanda ya ba ka guba!"

"Ammi, ai Ustaz Fu'ad ne ya fito a wannan. Mutumin kirki ne wallahi, 'ya'yansa mata biyar."

"Au, ka ma san shi? Ina gidansa?"

Da ƙyar na zaunar da su na aika aka kawo shayi. Kafin a gama bayani duk titi ya taru a ƙofa, Mu'allim Zaki na gaba yana tafa hannu yana cewa, "Kai ne? Duk shekarun nan gawa nake sayar wa shayi?" Can sai tsohon ya ajiye kofi, ya rungume Haridi, ya fashe da kuka kamar yaro.

A ranar Haridi ya bi su gida. Ya sami Hajja zaune a ƙasa, laka ta bushe a kanta. Ba ta tashi ba. Ta shafa fuskarsa, ta kara kunne a ƙirjinsa ta daɗe, kamar yadda take yi wa waɗanda ake kiran ta dominsu. Sannan ta ɗago.

"Wa ya ba ka izinin taɓa mutuwar ubanka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na ji ta sau ɗaya na ɗauka. Ka sa na sake jin ta, da muryarka. Kowa na zauna a kansa Allah ya ba ni ƙarfi, amma kai ba zan iya ba. Kawo hannunka." Ta ɗora hannunsa a kanta, a kan lakar. "Rantse ba za ka sake mutuwa ina raye ba."

"Umma, wannan ai ba a hannuna take ba."

"Ta akwati a hannunka take. Ɗayar kuma ka roƙi Mai ita. Ni ma zan roƙa."

Ya rantse.

Ustaz Wadi' bai so ya rasa shi ba. Ya ce to a ba shi rayayyu. Aka sa shi ya fito a mai gadin da ya ga fitar ɓarawo. Amma duk Alƙahira ta san muryar nan. Yana cewa "Sannu da zuwa, Sufeto," sai gahawa ta ɗauka, "Allah sarki, wannan tasa ta ƙare." Suka zauna jiran a kashe shi, ba wanda ya bi labarin, da aka gama yana raye kuma suka tashi da fushi kamar an hana su haƙƙinsu. An gwada har sau nawa, duk haka. Ƙarshe Ustaz ya ce masa, "Ya zan yi da kai? Muryarka da likkafaninta take zuwa." Haridi ya yi masa godiya, ya dawo kan dutsensa.

Ni na kasa haƙuri. Na ce, "Ƙauye fa da nisa. Mu riƙa tura Jabir ya zare batirin mai gari duk Alhamis, wa zai ji?"

"Bayyumi," ya ce, "ba da rediyo na yi alkawari ba."

Daga nan duk Alhamis a shago yake wuni har a gama wasan. Sautin na shigowa daga gahawa. Idan an zo wurin kisa sai ƙafarsa ta tsaya a kan dutse, kansa ya karkata, leɓunansa su riƙa motsi ba murya. Bai taɓa kushe wanda ya gaje shi ba. In mutumin ya gama mutuwa, sai ya kurɓi ruwa ya fesa, ya ci gaba. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata ya aurar. Bayan kowace salla yakan daɗe da hannu a sama, kuma ban taɓa buƙatar tambayarsa abin da yake roƙo ba.

Da talabijin ya shigo, mutane suka juya wa akwati baya, aka ce za a rufe wasan. Ustaz Wadi' ya zo shago da kansa, ya yi furfura, yana dogara sanda. Ya ce a wasan ƙarshe Sufeto Shaukat ne da kansa zai mutu, kuma ba ya son kowa ya ja masa numfashin ƙarshe sai Haridi.

"Wannan karon da sunanka, Usta. Za a faɗe shi duk ƙasa ta ji. Sau ɗaya tak, don Allah."

Ƙafar Haridi ta tsaya a kan dutse. Ina ganin maƙogwaronsa yana hawa da sauka. Sai da muka ji ƙauri muka lura dutse na kan riga. A duk zamanmu, ita ce kaɗai rigar da na ga ya ƙona. Ya ɗaga dutsen ya ajiye a gefe.

"Hajja tana nan lafiya, Ustaz," ya ce. "Jiya ma ta aiko da burodi. Bari in ɗebo maka."

Ustaz Wadi' ya jawo kansa ya sumbata, ya karɓi burodin ya tafi.

Hayaƙi da tururin shekaru suka taru a ƙirjinsa. Tari ya kama shi, ya rame har jallabiya ta yi masa yawa. Likita ya keɓe matarsa ya ce su shirya, ba zai ga ƙarshen sanyin nan ba. Ya ga ƙarshensa. Ya ga zafi, ya ga wani sanyin, ya ga na bayansa. Likitan ya riƙa duba hoton ƙirjin yana duba mai ƙirjin, ya ce shi dai bai san da me mutumin nan yake numfashi ba. Hajja kuwa na can ƙauye, ta makance, ta haura tamanin, ba a gaya mata komai ba. Duk wata sai ya tashi zaune ya gyara murya, ya yi mata magana ta wayar mai gari kamar wanda zai iya ɗaga sa.

Sai saƙo ya zo cewa ta kwanta. Mutumin da ya yi makonni bai taka ƙofa ba ya tashi ya yi aski, ya sa jallabiyar da na guge masa. Likita ya ce jirgi zai ƙarasa shi. Ya ce ta zauna a kan kowa a garin nan, ba za ta rasa mai zama a kanta ba. Ni na kai shi tasha, na riƙe masa kwando, na sama masa wuri a bakin taga, na fito na tsaya a ƙasa.

"Dubi yadda ka koma," na ce. "Hajja za ta shafa ka ta ce ni ke cinye waken."

"Za ta shafa wuyan rigar nan ta ce har yau ba ka iya guga ba."

"Ƙarya kake. Taɓa karin ka ji."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Na miƙa hannu ta taga na riƙe nasa har ya lafa.

"Haridi, kana jin tsoro?"

"Na jirgi?"

"Ka san abin da nake nufi."

"Tsoro ɗaya nake ji, kada in yi gaggawa. Layi ne, Bayyumi, kuma tana gabana. Ɗa mai ladabi ba ya tsallake uwarsa."

Na ga idan ban yi wasa ba kuka zan yi a gaban mutane. Na ce, "To in layi ya zo kanka, wacce za ka yi? Ta mai fito?"

"Waɗannan duk na aro ne, na mayar wa masu su. Tawa ban ji ta ba tukuna." Ya ɗan karkata kai kamar yadda yake yi ranar Alhamis. "Ina jin ba ta da ƙara."

Jirgi ya yi kuka, ya girgiza, ya fara ja. Na bi shi ina riƙe da hannunsa har ya zame.

"Sai ka dawo, ɗan'uwana!"

Ya leƙo da kai ta taga, manyan kunnuwan nan a waje.

"Ka kashe wutar shago kuwa?"

"Na kashe!"